Dawar Tursa da Dawar Kagara

Na isa Fallomi, birnin da ake hawa motar Sudan, da akwatin ƙarfe ɗaya, da takardar shaida daga ofishin gona, da wasu 'yan jakunkuna biyu na dawa waɗanda ko sallah zan yi sai na ajiye su inda idona yake ganinsu. Ɗaya mahaifiyata ta ɗaure bakinta da jan zare, ta ɗebo ta daga rumbun mahaifina a Tursa, ƙasar Rabah. Ɗayar kuma matar Baffa Garba ce ta ɗaure ta da kaba, daga rumbunsa na Kagara, ƙasar Goronyo. Duk su biyun a ɓoye suka ba ni, don da mazansu sun sani da jakunkunan ba su fita ƙofar gida ba.

Ga abin da ya kawo haka. Kakanmu Buba ya rasu ya bar gonaki biyu da irin dawa guda ɗaya. Aka yi ƙuri'a da kara, mahaifina ya ci jigawar Tursa mai rairayi, ƙanensa Garba ya ci laka ta Kagara kusa da gulbi. Rumbun iri yana Tursa, saboda haka mahaifina ne ya auna wa Baffa rabonsa. Dawar da take cika rumbu a Tursa sai ta je Kagara ta tsuke, ta yi rawaya, kanta bai fi tafin hannun yaro ba. Bana haka, baɗi haka. Baffa ya ce yayansa ya riƙe iri na ƙwarai ya ba shi shara. Mahaifina ya ce Garba rago ne tun yana goye. Tun ina wasan ƙasa suka daina gaisawa, har na yi gemu ba su koma ba. An yi aure a gidanmu Baffa bai zo ba, an yi rasuwa a gidansa mahaifina bai je ba. A shekarar da nake ba da labarinta tari ya kama mahaifina, irin wanda ba ya sakin tsoho, ni kuwa abin da ke hana ni sukuni shi ne kada ƙasa ta rufe ɗayansu suna gaba.

Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Wurno. Baturen gona ya zaɓe ni in je Sudan in koyo lissafin gwajin iri, wai ƙasarsu da damunarsu sun yi kama da tamu, kuma a zamanin nan duk Ingilishi ne ke riƙe da mu da su. Shi in zai je can jirgin sama yake hawa. Ni aka ce in bi motar alhazai, ai yaro ne, ƙashina bai yi tauri ba.

A tashar Fallomi na haɗu da wani ɗan kamasho, Bahaushe tas, mai bakin da ya fi zuma. Da ya ji maganata sai ya rungume ni, wai kakarsa 'yar Sakkwato ce. Ya sayar mini da kujerar gaba kusa da direba. Ranar tashi na tarar ya sayar da kujerar nan ga wani attajiri da wani malami mai ƙaton rawani, kuma kowannenmu kakar mutumin daga garinsu take. Attajiri ya shige gaba. Ni da malami muka hau can sama bisa ƙullin fatu masu wari, tare da alhazai da tukwanensu da awakinsu biyu. Kafin mota ta tashi ɗan kamashon ya leƙo ya ce in bar jakunkunan dawa a wurinsa, don 'yan kwastan ƙwacewa za su yi. Na ce masa ya gaishe da kakarsa.

A kan iyaka, a Adre, maganarsa ta so ta zama gaskiya. Wani Bafaranshe ja, zufa na zuba daga hancinsa, ya sa aka kwance kayan kowa. Da ya zo kan jakunkunana sai ya jawo wani kwano babba zai juye su duka biyu a ciki ya duba ko na ɓoye wani abu. Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Ɗan sandan da ke tsaye ya ɗaga kulki, ni kuwa na tuɓe rigata na shimfiɗa a ƙasa, na warware rawanin malamin nan ba tare da na tambaye shi ba na shimfiɗa gefe guda. Na roƙi tafinta ya gaya wa Bature ya zuba kowace a wurinta daban, in sun haɗu tafiyata ta zama banza. Bature ya dubi dawar nan, ya dubi waccan, ya ga ja ce ja ce, ba bambanci. Ya taɓa kansa da yatsa yana dariya, ya ce in kwashe haukata in tafi. Na kwashe, ƙwaya ɗaya ban bari a ƙasa ba. Malami bai sake yi mini magana ba sai da muka wuce Jinena.

Tsakanin Jinena da Fashir wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin mota. Bazara ce, wuri fili fetal, ba gida ba rijiya sai wani busasshen rafi da muke tona yashinsa mu sami ruwa mai ɗanɗanon ƙasa. Direba ya bi wasu masu raƙuma ya tafi nemo ƙarfe, ya ce gobe zai dawo. Goben nan ta yi ta haihuwar gobe. Aka yanka awakin, aka cinye. Garin kowa ya ƙare, dabino ya ƙare, har aka kai ga tafasa ganyen da ko akuyar da muka ci da ba za ta kalla ba.

Nan idanu suka fara komawa kan jakunkunana. Wani tsoho Bakatsine ya zo ya zauna kusa da ni, ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Malam, hatsi a jaka, yunwa a ciki, wannan wane irin karatun boko ne?"

Na ce masa iri ne, ba na ci ba. Ya ce ai iri ma don a ci ake shuka shi. Na ji haushi ƙwarai, na tashi na bar masa wurin. Abin da ya karya ni wata mata ce Bagobira mai jariri, ita ba ta taɓa kallon jakunkunan ba ma. Nononta ya ƙafe, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya koma buɗe baki kawai ba sauti. Na zauna na yi ta faɗa da kaina. Na ce tsofaffin nan biyu sun yi shekaru suna gaba da cikinsu a ƙoshe, wannan kuwa ko suna bai daɗe da samu ba. Na kwance jan zare na ɗebi rabi, na ɗaure. Na kwance kaba na ɗebi rabi, na ɗaure.

Ba turmi, sai a kan dutse mata suka niƙa. Aka dama kunu a babbar tukunya, aka fara ba mai jego. Ina riƙe da ludayi sai ya faɗo mini a rai cewa rabon da dawar mahaifina da ta Baffa su shiga tukunya ɗaya tun ban san dama da hagu ba. Na sha, hawaye na zuba, mutane suka ɗauka baƙin cikin hatsina nake yi. Tsohon nan Bakatsine ya dafa kafaɗata ya ce Allah zai mayar. Direba ya dawo da ƙarfensa a kan raƙumi, kuma da muka rabu da matar a Al'ubayyid yaron yana tsala ihu yadda ya kamata.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Sinnar. Gonar gwajin tana kusa da kogin Shuɗin Nilu, ƙasarta baƙar laka ce mai tsagewa da rani, kamar an ɗauko fadamar Kagara an shimfiɗa ta har iyakar gani. Suna da wata ƙaramar gona kuma can yamma da Farin Nilu, a kan rairayi. Wanda aka danƙa ni a hannunsa wani Basudane ne dogo, Ustaz Bashir, mai tsagar fuska da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi da Larabcin da na koya a zauren malaminmu, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce ina magana kamar littafin da ya sauko daga kanta. Leburorin gonar kuwa Fallati suke kirana, sunan da suke ba duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, wasu da wasa, wasu da raini. Wanda ya yi da raini na koyi amsarsa tun kafin in koyi sunan gishiri.

Mako na farko na kai wa Ustaz jakunkunana, na ba shi labarin gidanmu, na ce ina so in san wace ta fi kyau. Ya ce, "A ina?"

Na ce ban gane ba. Ya ce tambayar da na ɗauko tun daga Nijeriya gurguwa ce, ƙafa ɗaya gare ta. Iri ba ya yin kyau a cikin jaka, sai a cikin wata ƙasa, ƙarƙashin wani ruwa. Ya tambaye ni yadda na yi niyyar gwadawa. Na ce kunya ɗaya ta wannan, kunya ɗaya ta waccan, gefe da gefe, in ga wadda ta fi. Ya kai ni bakin gona ya nuna mini yadda gefen da ke kusa da magudanar ruwa ya fi duhun ganye, ya nuna inda tsohon suri yake, da inda shanu suka taɓa kwana. Ya ce in na shuka kunya ɗaya-ɗaya, ba zan taɓa sanin ko iri nake yabo ko kashin shanu ba. Dole a yanka gona ƙanana-ƙananan fegi, a maimaita kowane iri sau da yawa, a laka da kuma a rairayi. Kuma wane iri zai shiga wane fegi, ƙuri'a ce za ta faɗa.

Da na ji ƙuri'a raina ya ɓaci. Na ce masa ƙuri'a ce ta raba gidanmu, ni zan zaɓa da idona, ba zan yi son kai ba. Ya ce, "Kana da uba a cikin jakar nan. Hannunka zai kai dawarsa wuri mai daɗi kai ba ka sani ba. Ƙuri'a ba ta da uba, ba ta da baffa."

Ya ɗaga jakunkunan ya ji nauyinsu, ya tsuke baki. Na gaya masa abin da ya faru a hanyar Fashir. Ya ce mun sha rabin hujjata a kunu, don in fegi sun yi kaɗan, dace da rashin dace suna iya yin kama da gaskiya. Ya yi ta mita, amma washegari ya yanka mini wuri a kusurwar gonar laka, ya kuma aika a yanka mini a ta rairayi, alhali aikina ba ya cikin abin da aka ɗora masa. Na zuba tsakuwa ja da fara a hulata, wani lebura ya rufe ido yana zaro su, ni ina bin fegi da turaku.

Damuna ta sauka, kewa ta sauka tare da ita. Abincinsu wata 'yar siririyar waina ce mai tsami kamar takarda, in ci in ci ba na jin na ci. Na yi marmarin fura, da albasar Wurno mai sa hawaye tun daga nesa, da wanda zai ce mini "mi kake ciki" ko da zagi zai biyo baya. Wata Juma'a wani lebura ya ce akwai garin mutanenmu nan kusa, sunansa Mai Wurno, zuriyar waɗanda suka yi hijira da Turawa suka ci Sakkwato. Na je. Bayan masallaci aka kai ni wurin wata tsohuwa, Inna Hawwa, wadda aka fito da ita daga Wurno tana yarinya. Idonta ya kusa tafiya, sai ta kama fuskata da hannu biyu.

"Kai ɗan wa na? Wurno kat taho? Gulbi na nan inda munka bash shi?"

Na ce yana nan, Inna. Ta sa jikarta ta dama mini fura a ƙwarya, ta zauna tana jin yadda nake sha. Da ta ji na zo da dawar gida ta ce in kawo mata. Juma'a ta gaba na kakkaɓe gindin jakunkunan na sami 'yan ƙwayoyi. Ta jefa ɗaya a baki, ba haƙoran tauna, ta yi ta juya ta da harshe. Daga ranar nan duk Juma'a ƙwaryata tana jirana a ɗakinta, kuma ta hana jikokinta dariyar Larabcina.

Sauran kwanaki ina ofis gaban injin lissafi mai hannu, ina juya shi yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ustaz ya koya mini abin da ya zama sana'ata har na yi ritaya. Idan an auna amfanin kowane fegi, za a ga sun bambanta, to aikin mai lissafi shi ne ya raba wannan bambanci tsibi-tsibi kamar yadda ake raba hatsi a masussuka. Tsibi ɗaya na iri ne. Ɗaya na ƙasa. Na uku shi ne na jituwar iri da ƙasa, wato abin da ba irin kaɗai ya kawo ba, ba ƙasar kaɗai ba, sai haɗuwarsu. Abin da ya rage bayan an kwashe waɗannan, na tsuntsu da tsutsa da kuskuren ma'auni, shi ne mudun da ake auna sauran da shi. Tsibin da bai fi wannan ragowar girma sosai ba, kada ka ɗaga murya a kansa. Na sha kuskure, na sha faɗa. Sau da yawa in kai masa aikin yini ya duba da ido ɗaya ya ce in koma daga farko.

Da kaka ta yi aka yanke, aka sussuke, aka auna, leburorin da suka yi noman ba su san ta wa ce ta wa ba. Na juya injin. Tsibin iri ya fito ɗan mitsitsi, wato in ka haɗa ko'ina da ko'ina ba wadda ta fi wata. Na ukun nan shi ne ya tashi ya yi tozo. Ustaz ya zana layi biyu a allo, suka gitta juna kamar almakashi. A rairayi dawar mahaifina ta wuce ta Baffa. A laka kuwa dawar mahaifina, wadda aka ɗebo daga tsakiyar rumbunsa, ta tsuke ta yi rawaya daidai yadda Baffa ya yi ta faɗa ana ƙaryata shi. Ta Baffa ita ce ta miƙe a laka, don shekara da shekaru yana tsince 'yan kawunan da suka jure yana mayarwa, har dawar Buba ta koyi zaman Kagara a hannun mutumin da ake kira rago.

Na tashi zan yi tsalle, Ustaz ya ce in zauna. Damuna ɗaya ce, fegi kaɗan ne, kuma wannan laka ba ita ce ta Kagara ba. Ya ce in koma gida in maimaita. Ranar da zan tafi ya ba ni tsakuwoyin nan ja da fara a ƙulle cikin hankici, ashe ya tsince su ya ajiye.

Dawowa ba ta kai zuwa wuya ba, ko kuwa na riga na saba. Na tarar da mahaifina da rai, ya rame, bakinsa dai bai rame ba. Na yi masa bayanin layin da suka gitta juna, ya ce a Sudan ne suka gitta. Baffa ma ya ce takarda ba ta taɓa cika rumbu ba. Da ƙyar limamin unguwarmu a Wurno ya sa suka zo zaurensa, don nan ne tsakiya, kowa ya zauna yana kallon bango daban. Na ce a shuka iri biyun a Tursa, a shuka a Kagara, a zuba su a ƙore iri ɗaya, liman kaɗai zai san wace ce wace, tsakuwa ta raba fegi.

Mahaifina ya ce wa liman, "Malam, in an shibka tawa Kagara, wa ka nome ta? Wanga? Barinta zai yi haki shi cinye, shi ce iri na. Ni ka tahiya in nome abina da hannuna."

Baffa ya ce, "Ni ko ba ni yarda a shibka tawa Tursa ban tsaye. Wanda yam musanya sau guda, mi ka hana shi ƙarawa?"

Haka rashin yarda ya yi abin da roƙo ya kasa. Duk damunar nan tsofaffin biyu suna bin juna a kan jakuna tsakanin Tursa da Kagara, kowa yana gadin ɗan'uwansa. Tunda ba wanda ya san fegin wa ne wannan, sai kowa ya nome duka, yana huci. Mai gadi kuma dole ya ci abinci, mahaifiyata da matar Baffa kuwa suka rantse akushi ɗaya ne a gidan, sauran duk sun tsage.

Ranar da liman ya zo Kagara ya faɗi wace ce wace, muna tsaye a bakin gona. Mahaifina ya taka a hankali zuwa wani fegi da ya fi kowanne tsukewa, wanda shi da kansa ya yi wa noma har da maimai, yana tari yana zagin mai irin. Nasa ne. Ya kama kan dawar, ɗan ƙarami, ya daɗe yana murza shi a tafin hannu.

"Garba," in ji shi, "hakanga tay yi maka tun shekarar hwarko?"

Baffa ya ce, "Hakanga, Yaya."

Rabon da in ji kalmar nan a bakinsa tun ina ƙarami. Mahaifina ya juyo ya harare ni, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Dibi wanga yaro. Har Sudan yat tahi bisa hwatu, don shi gano abin da jaki ka kai mutum ga rana guda."

Baffa ya yi dariya har ya riƙe ciki, mahaifina ya so ya yi tasa tari ya tare shi. Baffa ya tallabe shi suka nufi inuwa. Mahaifina ya ƙara damuna biyu a duniya. Da ya rasu Baffa Garba ne ya yi masa wanka, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓe shi.